Haƙori, Minshari da Karatun da Ba Ya Ƙarewa a Makaranta

A ƙarshen daminar da ta wuce na raka wani kawuna wurin likitan haƙori a nan cikin garin Maradi, saboda wani turmi na ƙasa da ya hana shi tauna kusan mako biyu. Kawun nawa direban babbar mota ne, mutum mai jiki da gajeren wuya, wanda ya shekara fiye da ashirin yana bin hanyar Maradi zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600. Likitan ya sa shi ya buɗe baki, ya haska fitila, ya ga kogon da ya kawo mu nan da nan, amma bai yi gaggawar ɗaukar kayan aiki ba. Ya tsaya yana duban sauran haƙoran da kawunansu suka side kamar an goge su a dutse, da gefen harshe inda sawun haƙora ya fito a jere, sannan ya ce ya fito da harshen waje, sai ga shi ba a hango komai na maƙogwaro sai ganɗa. Daga nan ya yi tambayar da ta ba mu dariya, ya ce: "Alhaji, kana minshari?" Kawu ya ce shi dai bai taɓa jin kansa ba, amma Hajiya ta daɗe tana cewa idan ya kwanta har maƙwabta sun san ya dawo daga tafiya, kuma wani lokaci yakan yi tsit har ta taɓa shi ta ji ko da sauran rai, sai ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda ya taso daga ƙarƙashin ruwa. Likitan bai taya mu dariya ba. Ya tambaye shi ko yana gyangyaɗi a kan sitiyari, da ko an taɓa ce masa yana da hawan jini, kuma Kawu ya amsa duka biyun da e.

Da na tambayi likitan ina ruwan mai gyaran haƙori da barcin mutane, ya ce a shekarun da ya yi a jami'a ba a koya masa wannan ba, ya same shi ne a wani horo da ya bi bayan ya daɗe da kama aiki. Wannan amsar ita ce ta sa na zauna na bi diddigin lamarin, domin ta nuna cewa ƙarin ilimin da ma'aikacin lafiyar baki yake samu bayan kammala karatu yana iya canza abin da idonsa yake gani a cikin bakin da ya saba kallo kullum.

Cutar da likitan ya yi zargi ita ce ɗaukewar numfashi cikin barci ta dalilin toshewar maƙogwaro. Idan mutum ya yi barci, tsokokin da ke riƙe da harshe da ganɗa mai laushi da bangon maƙogwaro sukan saki. Ga wanda hanyar iskarsa take da faɗi, wannan ba ya jawo komai. Ga wanda hanyar ta riga ta ƙuntata, ko don kitse a wuya, ko don girman harshe, ko don muƙamuƙin ƙasa ya ja baya, naman yakan fara kaɗawa idan iska na wucewa, wannan karar ita ce minshari, daga nan kuma yakan rufe hanyar gaba ɗaya. Idan rufewar ta kai daƙiƙa 10 ko fiye, likitoci suna ƙirga ta a matsayin ɗaukewa guda. Iskar oksijin ta ragu a cikin jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tada mutum na ɗan ƙiftawar ido, tsokoki su ɗaure, hanya ta buɗe, barci ya koma, abin ya sake faruwa. Ana auna tsananin cutar da yawan ɗaukewa ko raguwar numfashi a cikin awa guda: daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 30 matsakaiciya, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani. Wanda ke cikin rukuni na ƙarshe yana iya farkawa sau ɗaruruwa a dare ɗaya bai sani ba, ya wayi gari da ciwon kai da bushewar baki, yana mamakin yadda ya yi barcin awa takwas amma kamar bai runtsa ba. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa kusan mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 suna da wannan matsala a duniya, miliyan 425 daga cikinsu a mataki matsakaici ko mai tsanani. Tana tafiya tare da hawan jinin da ba ya jin magani, da shanyewar ɓarin jiki, da rikicewar bugun zuciya, da ciwon sukari, sannan tana ƙara haɗarin mota, abin da ya kamata ya dami garin da ke rayuwa da fatauci da manyan motoci kamar namu. Ya kamata kuma a bambanta ta da dannau, wanda shi farkawa ce da mutum yake kasa motsa jiki, domin mutane sukan haɗa su wuri guda idan suna ba da labarin darensu.

Dalilin da ya sa aka jawo likitan haƙori cikin wannan sha'ani a fili yake: shi ne yake leƙa bakin mutum da fitila ya daɗe yana kallo, kuma mai minshari ba ya zuwa asibiti don minshari, amma ciwon haƙori yakan kawo shi ko yana so ko ba ya so. A 2017 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta fitar da matsaya tana ƙarfafa mambobinta su riƙa tantance marasa lafiya game da matsalar numfashi cikin barci. Kayan tantancewar ba su da tsada. Akwai jerin tambayoyi takwas da aka tsara a Toronto ta ƙasar Kanada a 2008, waɗanda suka shafi minshari mai ƙarfi, da gajiya da rana, da ko wani ya ga numfashin yana ɗaukewa, da hawan jini, da ƙiba mai yawa, da wuce shekara 50, da kaurin wuya da ya haura santimita 40, da kasancewar mutum namiji. Wanda ya amsa e ga uku ya shiga sahun waɗanda ake zargi, wanda ya kai biyar kuwa haɗarinsa babba ne. Tef ɗin tela da minti biyar sun isa a yi wannan aiki.

Sai dai a nan ne horo mai kyau yake bambanta da na jeka-na-yi-ka, domin mai kyau yana koyar da iyaka. Likitan haƙori yana zargi ne, ba shi yake tabbatar da cutar ba. Tabbatarwa sai da gwajin barci, inda ake ɗaura wa mutum na'urori su kwana suna auna numfashi da oksijin da bugun zuciya, kuma likitan da ya ƙware a kan barci ko huhu shi yake fassara sakamakon. Maganin da aka fi amincewa da shi ga mai tsanani shi ne injin da ke hura iska ta abin rufe hanci ya riƙe maƙogwaro a buɗe, wanda Colin Sullivan ya fito da shi a Sidni ta ƙasar Ostareliya a 1981. Injin yana aiki ƙwarai idan an yi amfani da shi, amma yana da tsada, mutane da yawa ba sa jure kwana da shi a fuska, kuma yana son wutar lantarki daga kwanciya har asuba. Duk wanda ya zauna a Maradi a watannin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya daga Agustan 2023 ya san nauyin wannan sharaɗi na ƙarshe.

Wannan ne ya sa hanya ta biyu, wadda ke hannun likitan haƙori, take da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda take da shi a ƙasashen da suka ƙirƙiro ta. Wani abin sakawa ne a baki mai ɓari biyu, ɗaya a haƙoran sama ɗaya a na ƙasa, wanda ake ƙerawa daidai da bakin mutum, yana tura muƙamuƙin ƙasa gaba da ƴan milimita, kuma da yake harshe a jikin muƙamuƙin yake, sai shi ma ya matsa gaba ya ba iska hanya. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka suka fitar a 2015 ta ce likitan barci ne yake ba da umarninsa ga wanda ya kasa jure injin ko ya fi son wannan, likitan haƙori mai horo kuma ya ƙera wanda ake iya daidaitawa sannu a hankali, ya ci gaba da bibiya. Bai kai injin rage ɗaukewar numfashi ba, amma mutane sun fi yarda su kwana da shi, kuma direba yana iya saka shi a aljihu ya kwana da shi a Dogon Dutsi ko Birnin Ƙonni. Yana da nasa illoli: ciwon mahaɗar muƙamuƙi da safe, yawan miyau ko bushewar baki, kuma bayan shekaru haƙora kan ɗan gusa har cizo ya canza. Mafi haɗari shi ne ya kashe karar minshari alhali numfashi yana ci gaba da ɗaukewa, iyali su ce an warke, don haka ake son a sake gwaji bayan an daidaita shi. Wanda ya halarci bita ta yini biyu ya dawo ya fara sayar da wannan abu ga duk mai minshari, a ganina, ya fi wanda bai taɓa jin labarinsa ba cutarwa.

A wannan gaɓa ne maganar barci take komawa kan cututtukan baki, kuma a nan ake gane cewa ba za a koyar da ɗaya a bar ɗaya ba. Abin sakawar nan a jikin haƙora yake kafa ƙarfinsa, don haka yana buƙatar haƙora masu ƙwari, galibi takwas zuwa goma a kowane muƙamuƙi, da dasashi mai lafiya. Mutumin da ciwon dasashi ya cinye ƙashin da ke riƙe haƙoransa har suna girgiɗi, idan aka ɗora masa wannan nauyi kowane dare, an gaggauta zubewarsu ke nan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 suna fama da cututtukan baki, kuma kusan biliyan 1 suna da ciwon dasashi mai tsanani. A wurinmu, inda al'ada ita ce a jure har haƙori ya kumbura fuska sannan a je a cire, mutum ɗan shekara 50 yakan iso da giɓi da yawa. Ta ɗaya gefen kuma, mai kwana da baki buɗe miyansa yakan bushe, alhali miyau shi ne ke wanke ƙwayoyin cuta yana rage tsamin da ke cin haƙori, sai ruɓewa da kumburin dasashi su samu wuri. Cizon haƙora cikin barci, wanda ya side haƙoran Kawu, yakan zo a daidai lokutan nan na ɗan farkawa, ko da yake masu bincike ba su yanke cewa ɗaya ne yake haifar da ɗaya ba. Abin lura shi ne, robar da aka saba ba mai cizon haƙora don ta kare su tana iya ƙara tsananta ɗaukewar numfashi ga wasu, saboda haka tambayar minshari ta kamata ta riga ƙera robar.

Akwai kuma abin da littattafan Turai ba za su faɗa wa likitan Maradi ba. Hotunan da ake koyar da duba maƙogwaro da su duk suna nuna beli yana rataye a tsakiya, ana auna ƙuncin hanya da yadda ake hango shi ko ba a hango shi. A nan kuwa mutane da yawa wanzami ya cire musu beli tun suna cikin kwanakin jego, wasu kuma a girma, da sunan maganin tari ko amai ko ciwon wuya. Likitan da bai yi tunanin wannan ba zai iya ruɗewa a awonsa. Ya kamata kuma ya iya bayyana wa iyaye, cikin ladabi ba tare da ya ci mutuncin sana'ar kowa ba, cewa cire beli ba ya buɗe hanyar iska, domin toshewar a gindin harshe da bangon maƙogwaro da ganɗa take faruwa, kuma aikin yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta da sarƙe haƙora. Yaron da yake minshari kullum, yana kwana baki buɗe, yana juye-juye, yana fitsarin kwance bayan shekarunsa sun wuce haka, mafi yawan lokaci tsokokin nan biyu na gefen maƙogwaro da naman da ke bayan hanci ne suka yi girma, kuma wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya kamata a tura shi. Idan yaron mai amosanin jini ne, lamarin ya fi gaggawa, domin raguwar oksijin da dare tana iya tada masa ciwo.

Duk da haka, da za a ba ni zaɓin darasin da za a fara da shi a kowane horo a jihar nan, ba da barci zan fara ba. Zan fara da cutar da ke cinye fuskar yara, wadda likitoci suke kira noma, sunan da bai haɗa komai da aikin gona ba, daga wata kalmar Girkanci ya fito mai ma'anar cinyewa. Tana kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da abin da uwa za ta ɗauka ƙaramin abu ne: dasashi ya yi ja yana jini, baki yana wari, yaro yana dalalar da miyau yana ƙin abinci. Cikin ƴan kwanaki kunci ya kumbura, sannan wani baƙin tabo ya fito, nama ya ruɓe ya fita har da ƙashi. Idan ba a yi magani ba, har kashi 90 cikin 100 na yaran suna iya mutuwa, waɗanda suka tsira kuma su rayu da rami a fuska, wasu muƙamuƙinsu ya ɗaure ba sa iya buɗe baki. Amma a matakin farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da metronidazol, da wanke baki, da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, a Damagaram kuma ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara. Da yake a yankin Afirka likitocin haƙori kusan 3 ne ga kowane mutum 100,000, kuma mafi yawansu a manyan birane suke, yaron da ke wani ƙauye na Dakoro ko Mayahi ba likitan haƙori zai fara gani ba. Ma'aikacin jinya zai gani, ko ungozoma, ko mai auna damtsen yara da tef. Idan horon bai kai ga waɗannan ba har ya zame musu ɗabi'a su ɗaga leɓen kowane yaro mai tamowa, to an yi shi ne a inda cutar ba ta.

Darasi na biyu da ƙasarmu ta koyar da kanta shi ne na Tibiri, dab da Maradi, inda ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a shekarun 1980 ya zo da sinadarin fuloraid fiye da kima, ɗaruruwan yara suka tashi da haƙora masu tabo da ƙasusuwa karkatattu. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ita ce kada fuloraid ya wuce miligiram 1.5 a lita guda ta ruwan sha. Sinadarin nan kaɗan ɗinsa a man goge baki yana kare haƙori, yawansa a ruwan sha yana lalata shi, kuma haƙora ne suke fara nuna alama kafin ƙashi. Ma'aikacin da ya ga yaran unguwa ɗaya da tabo iri ɗaya, ya san ba goro ba ne ba kuma rashin asuwaki ba ne, ya nemi a auna ruwan, ya yi aikin da ya fi cike kogo dubu.

Sauran sauye-sauyen ba sa buƙatar dogon bayani don a ga yadda ilimi yake tsufa. A 2017 aka sake tsarin rarraba ciwon dasashi zuwa matakai huɗu, aka saka shan taba da ciwon sukari cikin abin da ake auna saurin ci gabansa da su. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna, tare da wani ruwa mai azurfa da ake ɗigawa a kogo ya tsayar da ruɓewa ko da yake yana baƙanta wurin, da wani siminti na cike haƙori da ake iya aiki da shi da kayan hannu ba tare da lantarki ba. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa ana janyewa daga cikon nan mai launin azurfa da ke ɗauke da sinadarin makyuri, musamman ga yara da masu ciki da masu shayarwa. Gyambon baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, balle ga mai ajiye garin taba da kanwa a kunci, abin zargin ciwon daji ne har sai an bincika. Wanda ya karɓi takardar kammalawa a 2005 bai sake zama gaban malami ba, yawancin waɗannan sun wuce shi.

Wasu ƙasashe sun mai da ƙarin karatun dole. A Ingila likitan haƙori sai ya nuna awa 100 a cikin kowace shekara biyar, a Najeriya kuma an ɗaure shi da sabunta lasisin aiki. Ƙirga awa yana da amfani, amma mun san yadda bita takan kasance a wurinmu: a taru a ɗaki mai sanyi, a sa hannu a takarda, a karɓi kuɗin zama, a watse, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne yake zuwa kowace bita yayin da na karkara ba ya samun wanda zai bar wa ɗakin magani. Idan kuma kamfanin da ke sayar da kaya ne ya ɗauki nauyin taron, darasin yakan karkata zuwa ga kayan. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne zama na kai a kai a kan marasa lafiya na gaske, inda likitan haƙori da na huhu da na yara da na maƙogwaro za su haɗu, tun da Maradi tana da babban asibiti kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da sashen koyar da kiwon lafiya. Ma'aikacin karkara kuma yana iya aiko da hoton bakin yaro ta WhatsApp, da izinin iyaye kuma ba tare da fuska ko suna ba, ya samu amsa a ranar. Tantancewa ba ta da amfani idan babu inda za a tura wanda aka tantance, don haka dole kowane horo ya ƙare da sanin takamaiman ƙofar da mara lafiya zai ƙwanƙwasa.

Likitan da ya duba Kawu haka ya yi. Ya cike turmin bai cire ba, ya kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, ya ce ba zai ƙera masa komai na sakawa ba sai an gwada barcinsa, sannan ya rubuta takarda zuwa ga likitan da ke duba hawan jininsa, ya lissafa abin da ya gani da amsoshin tambayoyin nan takwas, waɗanda Kawu ya ci bakwai a cikinsu. Ya ce masa kafin nan ya rage tuwon dare, ya guji maganin sa barci, ya tsaya ya huta duk lokacin da ya ji ido yana nauyi a hanya, kuma ya daina kwanciya rigingine domin a haka harshe ya fi faɗawa baya. Da Kawu ya ce ai mai barci ba ya sanin yadda ya juya, likitan ya ce a ƙasashen waje ƙwallo ake ɗinkawa a bayan rigar barci. Hajiya ba ta nemi ƙwallo ba, ta ɗinka aljihu tsakanin kafaɗun wata tsohuwar taguwa ta saka goruba guda a ciki, takardar likita kuma ta ajiye ta cikin jakar takardun mota domin kada ya ce ya manta.